Akwati a Kan Mota

A yaƙin Iraƙi da Iran, aikin Jabbar Lafta shi ne rakiyar gawar sojoji gida. Akan ɗaure akwatin a saman tasi, a lulluɓe shi da tuta, shi kuma ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Da ya iso Dearborn ta ƙasar Amurka ya daɗe ba ya fita. Likita ta ce ya gwada aiki. Surukinsa Sattar, mai shagon kayan ɗaki, ya ɗauke shi aikin kai kaya.

Ranar farko motar shagon ta ƙi tashi.

"Ɗauki tawa, Abu Nizar," in ji Sattar, don haka yake kiran Jabbar. "Kabad ne kawai. Kai da ka yi yaƙi, kabad zai gagare ka? In ka goge min fenti, ƙanwarka zan mayar maka."

Suka ɗaure dogon kwalin a saman motar. Ana yayyafi, Sattar ya jefa bargo a kai.

A gidan da aka aike shi, wata tsohuwa 'yar Iraƙi, Ummu Ra'ad, tana zaune a baranda. Jikanta yana Bagadaza, inda ake yaƙi, yana aikin tafinta. Ta ga mota ta tsaya, ta ga abin da ke samanta. Ta miƙe, ta fara marin fuskarta da hannu biyu tana kiran sunan yaron.

Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai. Jabbar bai faɗe ta ba. Ya fito, ya haɗe ƙafafu, ya cire hula.

"Inna, sai haƙuri. Bai sha wahala ba."

Haka ya saba faɗa a kowace ƙofa, ko ya ga fuskar mamacin ko bai gani ba.

Tsohuwar ta zube. Matar ɗanta ta fito a guje.

"Kabad ɗina ne, Inna! Kai malam, kana da hankali kuwa?"

Aka yayyafa mata ruwa, aka kira jikan a waya ta ji muryarsa. Jabbar ya shigar da kwalin shi kaɗai. Da zai tafi, tsohuwar ta dube shi.

"Kai ka kawo min gawar ɗana Ra'ad a wancan yaƙin?"

"Ban sani ba, Inna. Da yawa na kai."

A shago ya ajiye makullin a gaban Sattar.

"Ba ni aikin da ba sai na je ƙofar kowa ba."

Sattar bai yi barkwanci ba. Ya nuna masa sito.