Hannun Kyaftin Brekke

Shekara ashirin da biyu Kyaftin Eilif Brekke yana ratsa tsaunukan Norway da jirgi mai farfela, ko fenti bai taɓa kwarzana ba. Sai kamfani ya sayo jiragen jet, aka ce kowa ya koma ɗalibi. Sau biyu yana faɗuwa gwaji. Na yau shi ne na ƙarshe, in ya sake faɗuwa sai zaman tebur a ofis, abin da ya tsana kamar ciwon haƙori.

Mai gwajin kuwa Gunvald Aune ne, wanda shi Eilif ɗin ya koya wa sauka da hannunsa.

"Kyaftin, ka dai tuna," in ji Gunvald, suna gangarowa ta kan teku da hantsi. "Wannan ba tsohuwar taka mai farfela ba ce. In ka janye mata wuta duka, sai ta yi daƙiƙa takwas kafin ta farka."

"Aune, kana shan nono nake tuƙi. Sha kofinka."

Ya hango titin sauka, ya ga sun ɗan yi sama. Ya gyara. Can kusa da gaɓa iska ta sake su, jirgin ya fara nutsewa. Ba komai, ya tura totur gaba yadda ya saba, yana jiran rurin nan da ke ɗaga mutum nan take.

Shiru. Injin ko tari bai yi ba.

Duwatsun gaɓa suka taso musu. Eilif ya ga tumaki suna watsewa, har jan fentin da ke bayan wata tunkiya ya gani. Gunvald ya fizge sitiyarin yana ƙirga da ƙarfi, sai a takwas injin ya yi ruri. Tayar hagu ta tafi da wayar shinge, suka sake hawa sama da ƙyar.

Da suka sauka, Eilif ya kasa kwance bel.

"Wa ya janye wutar?" ya tambaya.

"Kai, Kyaftin."

"Ƙarya kake. Na san dokar. Da safe ma sai da na karanta wa matata ita."

"Kana faɗinta da bakinka lokacin da ka janye. Ina kallo."

Eilif ya zuba wa hannunsa na dama ido. Wallahi bai tuna ba, kuma wannan ya fi duwatsun razana shi.

Gunvald ya ɗauko takardar gwaji. "Iska ce. Zan rubuta iska ce, a ba ka wata ranar."

"Da na ci, yaushe zan fara ɗaukar fasinja?"

"Litinin."

"Mutum nawa?"

"Tamanin."

Eilif ya karɓe takardar, ya nemo gurbin da ake rubuta an faɗi, ya cike shi da kansa.