Furfurar Aro

Turai ta Rawayau, wadda kowa ke kira Dada, ba ta taɓa kiran sunan ɗanta Mahmuda ba. Ɗan fari ne, ita kuwa Bafulatana ce. Fulatancin ya gudu daga bakinta tun tana yarinya, amma ya bar mata kunyar. Ana yaye shi aka miƙa wa ƙanwar ubansa, Gwaggo Zinariya. Tun daga nan, in ya shigo gida Dada sai ta kau da kai, in ya gaishe ta ƙwaryar da ke gabanta take amsa wa. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce “wancan na Gwaggo”. Wanda bai san Fulani ba cewa zai yi ba ta son sa. Ina! Son ne ma ya yi mata yawa.

Yaro ya yi elementare a Dutsin-Ma, ya yi Midil a Katsina, ya zama akawun kotu, har aka tura shi Ingila karatun shari'a. Duk wannan a bakin rijiya Dada ta tsinta, tana yi kamar igiyar guga take warwarewa.

Da daminar 1954 Malam Sabitu, malamin makaranta daga Kurfi, ya zo a kan keke da hoton da Mahmuda ya aiko. Mutane suka yi cincirindo a ƙofar gida. Dada ta zo wucewa da ƙwaryar nono a ka, wai hanyarta ce, ta saci kallo sau ɗaya. Fuskar tasa ce, cikin baƙar riga. Amma kan, subhanallahi! Fari fat, har kunne, kamar na tsohon da ya ga jikokin jikoki. Yaron da bai cika talatin ba! Ƙwaryar ta kusa suɓucewa. Ba ta tambayi kowa ba, don wace uwa ce za ta buɗe baki cikin jama'a ta tambayi lafiyar ɗan fari? Ta yanke wa kanta hukunci cewa aikin shari'a ne ke shanye ƙuruciyar mutum, ta shige ɗaki.

Shekara goma tana ɗauke da wannan. Da azahar, in ta gama kaɗa nono ta jingina da gindin tsamiya, gyangyaɗi kan kai ta wani fili mai faɗi wajen Kuki, ciyawa shar, fararen shanu na tafiya ba sauti. Can tsakiyarsu ga Mahmuda, yana dogara sanda, kai fari, yana ta yin nisa. Takan buɗe baki ta kira shi, sai sunan ya tsaya mata a maƙoshi, shanun su rufe shi. Ta farka da jiƙaƙƙen mayafi ta ce hayaƙin murhu ne.

Aka ce ya zama majistare a Jos, aka ce an mai da shi Kano. Kowane ƙarin girma mutane na guɗa, ita tana ganin wata furfurar ta ƙaru. In ya zo gaisuwa da hularsa yake zama, ita kuma ƙafafunsa kawai take gani. Ƙafafun nan ta san su sarai, har tabon da ƙaya ta bar masa a ɗan yatsa.

Bayan girbin 1964, ranar wata Litinin da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Mahmuda ya zauna a tabarma bakin ɗakin Dada, Gwaggo Zinariya ta zauna tsakaninsu, don ita ce bakin kowa.

“Gwaggo, gwamnatin tarayya ta zaɓe ni jojin babbar kotu a Ikko,” in ji shi. “Yau ake son amsa, kafin a rufe gidan waya na Dutsin-Ma. Baffa mahaifina ya rasu, saura Dada. In ba ta yarda ba, wallahi ba ni hawa kujerar nan.”

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Dada ta ci gaba da goge ƙwarya, ta ce wa ƙwaryar, “A'a.”

“A'a me, Turai?” Gwaggo ta zaburo. “Ke fa kin cika abin haushi! Shekara nawa yaron nan na wahala? Faɗi dalili, ko in kwana nan.”

Dada ta ajiye ƙwaryar. Sannan maganar ta ɓalle mata. “Ƙaramar kujera ta mai da kanshi fari tun bai kai talatin ba. Na gani a hoto da idona. Babbar kuma me za ta yi mashi? Ni ba ni son in ji an ce wancan na Gwaggo ya tahi ya bar ni. Tsoro nike ji, Zinariya.”

Gwaggo ta saki baki, ta dafe ƙirji, sai dariya har da hawaye. Mahmuda bai yi dariya ba. Tunda aka haife shi bai taɓa jin uwarsa ta ce tana tsoron rasa shi ba. Ya tashi ya je mota, ya dawo da wani baƙin gwangwani, ya buɗe, ya miƙa wa Gwaggo abin da ke ciki, ita kuma ta ajiye shi a cinyar Dada.

Ga furfurar nan, a nannaɗe, ba kai a cikinta. Dada ta ja baya, sannan ta kai hannu ta murza silin gashi ɗaya tsakanin yatsu. Wadda ta tashi cikin dabbobi ba a yi mata bayani.

“Wutsiyar doki ce,” ta ce a hankali.

“Hular aiki ce, Gwaggo,” in ji Mahmuda. “In an tashi kotu cirewa ake yi.”

“Shekara goma!” Dada ta ce wa gashin. “Shekara goma ina kuka kan wutsiyar doki.”

Sai ta ji motsi. Mahmuda ya tuɓe hularsa ya ajiye a tabarma, ya sunkuyar da kai gabanta. Gwaggo, da duk surutunta, ta juya ta kama kallon rumbu.

Dada ta ɗaga ido. Rabonta da kallon kan nan da kyau tun ranar suna, da wanzami ya aske shi. Baƙi ne, sai dai a gefen kunne ga furfura ta gaske, sili biyar ko shida, ba ta san ranar da suka fito ba. Wannan ta fi ta hoton yi mata ciwo. Ta ɗora tafin hannunta a wurin, hannun na ƙanshin man shanu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

“Zinariya,” ta ce, idonta na kan ɗanta, “gaya mashi shi tahi, kar a rufe gidan waya. Kuma duk wanda aka kawo gabanshi, shi dube shi da kyau tukuna.”