Duriyan ɗin Inna

Duk wanda ke son a yi wa bishiyarsa aure a ƙauyukan Chanthaburi, Bunlue yake nema. Shekara arba'in yana yanka toho yana haɗa shi da wani gindi, da wuya hannunsa ya yi ɓari. Shi ya sa abin da ya faru a lambun gidansu ya fi masa ciwo.

A bayan gidan akwai tsohuwar bishiyar duriyan, mai manyan 'ya'ya masu ƙaya a waje da zaƙi a ciki, da mahaifiyarsu ta shuka. Shi da yayarsa Sangwian, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ba sa sayar da ko ɗa guda daga cikinta. Ta ci ce kawai.

Daminar bara ruwa ya kwanta a lambun kwana tara. Kafin nan Bunlue ya yashe magudanar ruwa, gajiya ta sa ya jibge lakar a gindin bishiyar, da niyyar zai kwashe gobe. Bai kwashe ba sai bayan wata uku. Da ya yaye lakar, sai ya ga bawon yana tsattsafar da wani ruwa ja-ja mai wari. Ya sa wuƙa ya kankare, ya bi ruɓar yana zagaye gindin har ya kusa dawowa inda ya fara. Lafiyayyen bawon da ya rage bai fi faɗin yatsu biyu ba.

Ya zauna a ƙasa ya daɗe. Ya san ruwa ta cikin itacen yake hawa, don haka ganye zai ci gaba da yin kore shar. Amma abincin da ganye ke aika wa saiwa ta ƙarƙashin bawo yake sauka, kuma hanyar ta kusa yankewa.

Ya yanko ƙananan rassa bakwai, ya fere bakinsu, ya soke kowanne a bawon sama da na ƙasa ya tsallake ciwon, ya naɗe da leda. Biyu suka kama. Biyar suka bushe.

Da sanyi ya shigo, bishiyar ta yi furen da ba ta taɓa yi ba, rassa har sun yi fari. Sangwian ta fito da sandarta tana dariya.

"Kai da baƙin bakinka. Wannan ce marar lafiyar?"

"Yaya, abincin ne ya rasa hanyar sauka, ya taru a sama. Sai na zubar da furen nan duka, ko ta samu ƙarfin warkewa."

"Ka zubar da me?"

"Shekara biyu kawai za mu haƙura."

"Shekarata saba'in da shida, Bunlue. Wa ya ba ka shekara biyu a aljihu da za ka raba mini?" Ta dubi gindin da ke naɗe da leda. "In ka zubar, ka tabbata za ta rayu?"

Bai iya yi mata ƙarya ba. "Ban tabbata ba."

"To bar mini furena. Kai ka zuba lakar, ai na gan ka, ban dai yi magana ba."

Ya ajiye tsanin da ya ɗauko don zubar da furen. Tun daga ranar ba su sake tayar da zancen ba.

Bishiyar ta yi 'ya'ya sittin da ɗoriya. Sangwian ta kira 'yarta daga Bangkok, ta aika wa maƙwabta, ta kai mafi girma a cikin 'ya'yan haikali, wurin ibadarsu. Ta dafa shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, aka zauna a tabarma ana ci ana santi. Kowa ya ce bai taɓa jin zaƙin irin na bana ba. Bunlue ya ci loma biyu ya tashi, wai zai duba injin ban ruwa.

Kafin damina ta tsaya, ganye ya fara zuba daga ƙololuwa. Cikin sati shida babu ko ɗaya. Rassan nan biyu da suka kama su ma suka yi baƙi.

Tun kafin fure, Bunlue ya riga ya ɗebi toho goma sha biyu daga bishiyar ya aura wa wasu ƙananan tsirrai. Tara sun rayu, suna jere a inuwar rumfa cikin baƙar leda, tsayinsu bai kai gwiwa ba. Ya kai Sangwian ya nuna mata.

"Yaushe za su haihu?"

"Shekara shida. Ko bakwai."

Ta gyaɗa kai, ta taɓa ganyen ɗaya da ɗan yatsa.

"Ka dasa su nesa da magudana," in ji ta.

Ranar da mai zarto ya zo sare bishiyar, Sangwian ta ce ƙafarta na ciwo, ta rufe tagar ɗakinta. Bunlue ne ya riƙe igiya, ya nuna wa mutumin ɓangaren da za ta faɗi don kada ta taɓa rufin madafa.