Akwai Wani Daga Kurfai?

"Ga shi nan, ya sake magana," in ji Baba Ɗandije, ya ɗago 'yar rediyon daga cinyarsa. "Saminu, tsaya ka ji da kunnenka."

Saminu ya taka birkin babur a gindin dalbejiyar da ke tsakanin gidajensu, ƙafa ɗaya a ƙasa, hankalinsa na can kasuwar Filinge inda wayoyin mutane ke jiran gyara. Muryar wani dattijo ta fito daga rediyon, da faransanci tukuna, sannan da Hausa: "Nan Lome. Akwai wani daga Kurfai?"

Tsohon bai danna nan take ba. Ya gyara zama bisa tabarma, ya yi gyaran murya, ya bar shiru ya ɗan ratsa, yadda aka koya masa a gidan waya tun ba a haifi Saminu ba. Sannan ya danna maɓalli.

"Filinge na jin ka, Kailu. Ni na, Ɗandije."

Suka jira. Wani mutumin Dakar ya shigo yana ba da labarin ruwan sama. Kailu bai ce uffan ba.

Kailu ƙanen Baba Ɗandije ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da mahaifinsu ya rasu a ƙauyensu, nan ƙasar Kurfai kusa da Filinge, Ɗandije, da zafin sabon karatu a kansa, ya tattara kayan borin tsohon ya cinna musu wuta a bayan gida. Kailu ya ɗauki jakarsa ya yi kudu, bai ƙara waiwayowa ba. Sai bara wani direban Lome ya sauke kwali a ƙofar gidan Ɗandije, babu gaisuwa, babu lambar waya. A ciki akwai rediyo irin ta masu hira da juna ta iska, sabon samfuri, da wani ɗan akwati da ke haɗa ta da intanet. Duk unguwa ta gane manufar. Mutum biyu masu taurin kai ba mai yarda ya fara kiran wani, amma a rediyo kowa kake kira, wanda ya ga dama ya amsa.

Matsalar ita ce masu irin wannan rediyo rukuni-rukuni suke zama, kamar majalisun bakin titi, kuma ba a san wanda Kailu ke shiga ba. Shi ya sa tsohon ya nemi maƙwabcinsa. Saminu ya jona ta da kwamfutarsa, ya zuba mata rukunin Afirka ta Yamma, da na masu faransanci, da wasu, yadda za ta saurare su gaba ɗaya. Ya kuma ware mata rukuni na gida, ya raɗa masa suna Filinge don kwalliya, alhali ba kowa a cikinsa. Da ya ji wani ya gama magana ya yi wuf ya danna, aka amsa masa daga Dakar. Ya miƙa ta yana ji da kansa. Saminu gwani ne, kuma babu wanda ya san haka kamar shi.

Tun daga nan, kowace Juma'a bayan la'asar, sai Kailu ya kira, Baba Ɗandije ya amsa, shiru ya biyo baya.

"Ɗana, ka ƙara duba mini ita," in ji tsohon a wannan rana. "Kamar dai ba ta kai magana."

"Baba, na gwada ta gabanka. Dakar ma sun ji ni, balle Lome."

"To mi ya hana shi amsawa?"

Saminu ya dubi agogo. "In mutum ya ji ka bai amsa ba, bai so na. Wanga ba aikin gyara ba na."

Tsohon ya ɗaga kai ya dube shi, sannan ya sunkuya yana shafa rediyon da babban yatsa. "Ita ke nan," ya ce. "Tahi, kak ka makara."

Damina ta shigo wa tsohon da ciwon ƙirji. Tabarma ta koma zaure, daga zaure ta koma ɗaki. Saminu kan leƙa da safe ya yi sannu, ya kawo lemo, ya kai shi asibiti a babur ya dawo da shi. Ba za a ce bai yi maƙwabtaka ba. Rediyon ce kawai bai ƙara taɓawa ba, shi kuma tsohon bai ƙara roƙo ba. Hasiya, 'yarsa da ke jinya, ta ce ko Juma'ar ƙarshe sai da ya sa ta riƙe masa ita kusa da baki, ya jira, ya amsa da 'yar muryar da ta rage. Daga nan ya ce, "Kailu ya yi gaskiya. Ni ma da ni na, ba ni amsawa." Ya rasu ranar Talata da hantsi. Aka ba direbobin Lome saƙo, ko Allah zai sa wani ya san inda Kailu yake.

Ranar Juma'a, masu gaisuwa sun ragu, Hasiya ta fito gindin dalbejiya da rediyon a cikin mayafi.

"Yaya Saminu, kashe mini abin ga. Ban iya jin shi."

Bai kai ga murɗawa ba muryar ta fito. "Nan Lome. Akwai wani daga Kurfai?"

Saminu ya zauna a bakin tabarma. Bakinsa ya yi nauyi, ya rasa ta inda ake fara irin wannan magana. Da ya samu ya danna, idonsa ya faɗa kan ɗan gilashin rediyon. An rubuta Filinge. Ya saki da sauri.

Kailu ya sake kira. Gilashin ya nuna Afirka ta Yamma. Ya tsaya haka kamar numfashi biyu, sannan ya koma Filinge da kansa.

Sai a nan Saminu ya gane. Ashe ɗan taƙi kaɗan rediyon ke bayarwa a mayar wa wanda ya yi magana. In ya wuce, sai ta kai muryarka rukunin gida. Shi mai saurin yatsa ya samu shiga. Tsohon da ke ganin rashin ladabi ne a faɗa wa mutum cikin numfashi, duk watannin nan da ɗaki marar kowa yake magana. Gyaran bai fi a canja layi ɗaya a kwamfuta ba, da a ce ya sauko daga babur ran nan.

"To, ba kowa," in ji Kailu, da muryar wanda ya saba. "Sai wata Juma'a."

Saminu ya danna tun kafin sautin ya mutu. "Filinge na jin ka."

"Yaya? Kai na?"

"Baba Kailu, maƙwabcinai na, Saminu. Sai haƙuri. Allah ya yi mishi rasuwa ran Talata."

Kailu ya yi salati a hankali, ya ce, "Abin da ni aiko ya iso mishi? Shina ji na?"

"Kowace Juma'a, Baba. Kuma ba wadda bai amsa ba. Ni na ban gyara ta daidai ba, muryatai ba ta isa gare ka."

"Mi yaka cewa?"

Saminu ya danna maɓalli. "Cewa yakai, Filinge na jin ka, Kailu. Ni na, Ɗandije."

Babu wanda ya shigo daga Dakar ko wani wuri. Hasiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Saminu ya zuba wa gilashin ido har sunan ya koma Filinge. A gefen rediyon, maɓallin ya yi sumul, daidai faɗin babban yatsan tsohon.