Lambobi Biyu da Sabulu Ya Cinye

Da hantsi na tsinci wata yarinya, Yorgelis, zaune a bakin titin da ya ratsa garinmu Pamplona, ƙafafunta a kumbure. Shekarunta goma sha uku, kuma ita kaɗai ta tako daga Venezuela. Na saɓa ɗana a kafaɗa, na ja hannunta zuwa gida. Na ba ta ruwan mazarƙwaila mai zafi da wainar masara, na ara mata rigata, na jiƙa tata a sabulu.

Ina shanya rigar ta fito da gudu ta duba wuyan rigar. Ashe kakarta ta rubuta lambar wayar gwaggonta da ke birnin Bucaramanga a cikin wuyan rigar. Lambobi takwas sun tsira, biyun ƙarshe sun bi ruwa.

Takalmanta ta ɗauka, wai za ta haye dutsen da ke tsakaninmu da Bucaramanga ta nemo gwaggon da ƙafa. Dutsen da sanyinsa ke kashe manya ma. Na tare ƙofa.

"Ni na ɓata, ni zan gyara. Ajiye takalman nan, ƙanwata."

Maƙwabciyata Doña Edilma, mai gasa burodi, ta jiyo mu ta katanga. Ta ce da ma tsaftata ta yi yawa, sannan ta lissafa: lambobi biyu, kira ɗari ke nan. Ta raba wa gidaje goma na layinmu, goma-goma. Aka cika tsakar gidana, kowa da wayarsa. Don Arcesio, tsohon direba mai nauyin kunne, ya daɗe yana hira da wata da bai sani ba.

"Baba, gwaggon yarinya muke nema, ba amarya ba," in ji Doña Edilma.

Yorgelis ta ƙyalƙyale da dariya, karon farko.

Rana ta karkata kafin a dace. Gwaggon ta yi kuka, ta ce a gidan da take aikatau take kwana, ba ta da inda za ta sa yarinya sai ta samu ɗaki, wataƙila wata biyu.

Yorgelis ta sunkuyar da kai. Nan take na ce makwancinta na wuyana. Doña Edilma ta ɗauki nauyin karin kumallo. Matar Don Arcesio ta ce ran Litinin za ta leƙa makaranta ta ji ko da gurbi.

"Anti, wata biyu fa aka ce," Yorgelis ta faɗa a hankali.

"Na ji. Tashi ki kama mini, mu matsar da gadon nan."