Fuskarki Ba Ta Kai Maɓalli Ba

…wai kuma in zaɓa. Ni tela, me na sani a nan? Guda biyu mai gyaran kyamara ya dire mini a kan tebur, tsofaffin gilasan kyamara masu nauyi, irin masu jawo ƙaramin abu kusa, har ƙafar tururuwa. Ba sa saita kansu. Da hannu ake murza zoben har abu ya fito.

Wannan zobensa sumul, amma cikinsa ya yi yana, kamar idon tsoho. Wancan garau yake, sai dai zoben da tauri.

Hoton na hannuna. Shi ke nan gare ni. Ba ma naki ba ne — na shagona ne, ƙanena ya ɗauka ranar da ya sayi wannan kyamarar da na aro. Ke ce can baya, cikin madubin gwada kaya, riƙe da kwanon abincina. Fuskarki ba ta kai maɓallin riga ba. Kullum, "Malam, kada a ɗauke ni da zanen girki, bari in shirya…" Yaushe kika shirya?

Jiya Autarki: "Baba, hancin Umma irin nawa ne?" Na buɗe baki. Faɗin kafaɗarki na sani, tsawon hannunki na sani, ko yanzu in yanka miki riga ba awo. Amma hancin… Na ce ta miƙo mini almakashi.

Garau ɗin tukuna. Mai gyaran ya ɗaura shi a kyamarar, na sunkuya kan hoton. Na kama zoben da hannun da ke zura zare a allura ba dubawa.

"Riƙe numfashi, maigida. Amma ka riƙa saki, ba ni da gadon jinya."

Gadon jinya. Naki numfashin ma haka, ki riƙe, ki saki, ki riƙe… ina jiran sakin, har ranar da bai zo ba.

Murza. Ga madubin. Ga bakin kwanon. Ga ɗankwalin, wayyo, mai ruwan toka. Kaɗan kuma, kaɗan — ɗigo-ɗigo. Ɗigo kawai, kamar an watsa yashi. In ja baya, ga ki, 'yar mitsitsiya. In matso, ki watse. Ko a nan ma ba ki shirya ba?

"Abin da takarda ba ta riƙe ba, gilashi ba ya ƙirƙiro shi," in ji shi, a hankali wannan karon.

To, mai yanar. Cikin dishi-dishinsa ɗigon sun haɗe. Ga kumatu. Ga wani abu kamar hanci. Mace ce… wata mace. Kowace mace.

"Wanne zan naɗe maka?"

Garau ɗin ya ce ba kya nan. Mai yanar ya ba ni wata. In na kai wa Auta wannan, ba za ta gane ba ke ba ce.

Ni fa? Ina ta kallo, ina murzawa… ni ma ban sani ba.