Sa a Bayan Akori-Kura

Duk tashar Bodinga an san Baba Mainasara, tsohon da mota ta sha kifewa da shi amma ko yatsa bai taɓa karyewa ba. Ranar da zai je Shagari, direba Zayyanu ya buɗe masa gidan gaban akori-kurarsa, don ba a ɗora dattijo a baya.

A bayan akori-kurar kuwa wani ƙaton sa ne, an ɗaure shi sako-sako, wai mai shi ba ya son igiya ta yi masa tabo kafin kasuwa.

Baba ya ce, "Zayyanu, wanga sa bai ɗauru ba."

"Haba Baba, kai da mutuwa ka jin tsoronka?"

An sosa masa inda yake so, sai ya shiga. Amma ya sani sarai, in mota ta tsaya, kayan da ta ɗauko ba su san ta tsaya ba.

Zayyanu ya saki wuta. Duk ramin da suka faɗa, Baba na jin kofato na zamewa, hucin san yana sa gilashin da ke bayan ƙeyarsa dushewa.

Gab da Shagari wani raƙumi ya ratso titi. Baba bai kalli raƙumin ba, ƙafar Zayyanu ya kalla. Tana hawa birki Baba ya zube ƙasan kujera.

Mota ta tsaya cak, sa bai tsaya ba. Gilashi ya tarwatse. Zayyanu na salati, Baba ya ɗaga ido ya ga hularsa tana lilo a tsinin ƙaho.